Kalash ko rajista: yadda maganar sayen bindiga ta raba wani ƙauye a kudancin Madarunfa

Duk wanda ke da dangi a ƙauyukan bakin iyaka, daga Gabi zuwa Safo zuwa Ɗan Isa, ko can ɓangaren Gidan Rumji wajen su Gidan Sori da Tibiri, ya san maganar da ake yi ƙasa-ƙasa shekara da shekaru yanzu: mu ma mu haɗa kuɗi mu sayi bindiga ne, ko mu ci gaba da jiran soja? A cikin birnin Maradi ana yin gardamar ga a fada ana zuba shayi, dare ya yi kowa ya tafi gida ya kwanta cikin iyalinshi. A ƙauye kuwa masu yin ta wasunsu cikin gona suke kwana ko cikin kwazazzabo saboda tsoro, shi ya sa ko sun ɗaga murya ni ban ganin laifinsu. Zan kawo yadda abin ya gudana a gari guda, garin su mahaifiyata. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu kuma waɗanda ake tsoro su ma suna da waya a hannu.

Asalin wutar ba daga wurinmu ta taso ba. Tun wajen 2011 satar shanu da ramuwar gayya sunka yi ƙamari a Zamfara, 'yan sa kai na kama Fulani a kasuwa su kashe ba alƙali ba shari'a, samarin Fulani na shigewa daji suna neman makami, kuma a shekarar nan ce gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya makamai sunka bazu cikin Sahara suna gangarowa kudu. Tsakaninmu da Najeriya iyaka ce mai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta ba shinge ba komai sai gonaki da daji, mutum na iya noma a Nijar ya je sallar Juma'a a Najeriya. Dajin Rugu yana can wajensu, dajin Baban Rafi yana nan wajenmu, babur ba ya tambayar inda ƙasa ta ƙare. A 2019 mutane dubun dubata sunka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka shigo jihar Maradi, har anka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kuma a shekarar nan gwamnonin jihohin ukku sunka zo nan Maradi sunka zauna da gwamnanmu kan maganar tsaro. Sojanmu suna da aikin da ake kira Farautar Bushiya a yankin, kuma in za a faɗi gaskiya sun sha kwato shanu da mutane, sun sha rasa rayukansu a kai. Amma ƙauyuka da yawa ne, hanya ba kyau, dare kuma dogo ne.

Abin da ya faru a garin, bayan girbi ne, lokacin da kuɗi ke ɗan shiga hannun manoma. Wani magidanci ya kai aya kasuwa ya saida buhunna masu yawa. Kwana kaɗan bayan haka, cikin tsakar dare, mutanen sunka zo. Baburansu sun bar su nesa da gari sunka tako da ƙafa don kar a ji ƙara, kuma ba su yi ta laluben gidaje ba, kai tsaye gidan mai ayar sunka nufa, sun san ƙofar, sun san ɗakin da yake kwana. Allah ya sa ya haura ta baya. Sunka tafi da matarshi da ɗanshi guda, sunka kora shanun noma na unguwar har da na ruggar da ke gefen gari, wani saurayi da ya fito da tocila da sanda yana tambayar lafiya sunka harbe shi a ƙofar gidansu, nan take ya cika. An kira soja, sai da wani ya hau kan tudu bayan gari kafin ya samu rezo, sojan sun zo sun bi sawu har bakin daji, washegari an maido da wasu daga cikin shanun. Matar da yaron kam sai da anka biya kuɗin fansa. Kuɗin ayar duka ya tafi, anka jinginar da gona, dangi na Maradi da na Legas kowa ya turo abin da ya samu, kuma bayan an kai kuɗin sunka ce sai an ƙaro musu katin waya da taba da man babur.

Bayan sadakar bakwai ɗin saurayin ne anka yi taro a ƙofar mai gari, ni ma ina wurin don na je gaisuwa.

Wanda ya fara magana yayan mamacin ne, ya yi shekaru yana aikin zinariya a Jado, ya ga bindiga ya san kanta. Bai yi ihu ba, a hankali ya yi magana kuma wannan ya fi sa jikin mutane sanyi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena da sanda ya fita. Da abin da ke hannunsu ne ke hannunshi ko bai tsira ba da ba su shigo mana gari kamar gidan ubansu ba." Shawararshi ita ce kowane gida ya ba da damin gero ko kuɗinshi, a haɗa, a tsallaka a sayo kalash, wato bindigar AK-47, ko da ƙwaya biyu ukku ne, a ba samarin da anka yarda da su. Ya ce ya san hanya, ba sai an wahala ba. Samari kusan duka suna bayanshi.

Don mai karatu na birni ya gane mi ya sa maganar ta shiga mutane, sai ka ga abin da garin ke da shi na kare kai. Akwai maharba tsofaffi da bindigar toka irin ta gado, wadda maƙeri ke haɗawa da bututun ƙarfe. Sarkin maharban ya ɗauko tashi a wurin taron ya nuna yadda ake ɗura ta: ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya ɗauki siririn ƙarfe ya danna ya danna, ya zuba guntayen ƙarfe da ƙwallayen keke, ya sake cusa tsumma ya sake dannawa, sannan ya gyara kunamar. Duk wannan harbi guda ne. In ka harba hayaƙi ya tashi, an ga inda kake, kuma sai ka sake duk aikin ga daga farko cikin duhu hannu na rawa. In damina ce albarushin ya sha sanyi ma ƙin tashi take yi. Shi kuwa wanda ke gabanka gidan harsashi guda na kalash ɗinshi harsashi 30 yake ci, kuma yana da wasu ɗaure a ƙugu. Tsohon ya aje bindigar ya ce shi dai abin da gari ya yanke shi zai bi, amma kar wanda ya yaudari kanshi cewa da wannan ake tare su.

Wani malamin lakwal ɗan garin, mai bin labarai a waya, ya ƙara ma samarin ƙarfi. Ya ce ai ba mu muka fara tunanin ga ba, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, da bakinshi ya ce ma mutane a 2021 su nemi makami su kare kansu, kuma a watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga. Ya kawo Amurka ma, ya ce can tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Duk abin da ya faɗi haka yake. Abin da bai kawo ba shi ne manyan 'yan sanda da na sojan Najeriya ba su amince da maganar Zamfara ba, kuma kashe-kashen bai tsaya ba bayanta. Ita Amurka kuwa, an ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula sun kai kamar 120 ga kowane mutum 100, kuma a 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu su sunka kashe kansu da ita. A watan Mayu 2022 a garin Uvalde saurayi guda ya shiga makaranta ya kashe yara 19 da malamai 2. Ƙasar da ke da 'yan sanda ko'ina da asibiti ko'ina kenan. Ni ban ga abin da za mu ɗauko daga can mu dasa a bakin dajin Baban Rafi ba.

Daga nan wani dattijo da ya yi aikin garda ya yi ritaya ya karɓi magana, kuma shi ne ya fara juya taron. Bai ce ma yayan mamacin ya yi kuskure ba, ce mishi ya yi, "Ɗana, na ji ka, amma in tambaye ka, ranar da sunka ji akwai kalash ukku garin ga, mutum nawa kake jin za su zo?" Ya ce yau suna zuwa su goma don sun san sanda ce a gari, in sun ji akwai bindiga za su zo su hamsin ko ɗari, kuma bindigar kanta za ta zama abin da sunka zo nema don ta fi saniya tsada a wurinsu. Ya tuna ma mutane Banibangu, can jihar Tilaberi, watan Nuwamba 2021, inda magajin garin da kanshi ya jagoranci 'yan sa kai sunka fita neman masu kai musu hari, anka yi musu kwanton ɓauna mutum 69 sunka mutu har da shi magajin garin. Waɗannan jarumai ne ba ragwaye ba, kuma suna da bindigogi, abin da ba su da shi horo ne da labarin inda abokin gaba yake da wanda zai kawo musu ɗauki. Sannan ya kawo abin da ni ban taɓa tunani ba sai ranar: sojan da ke sintiri cikin dare in ya hango mutum da rawani da kalash a kafaɗa bakin gona, ta yaya zai san na gari ne ko na daji? Yanzu aikinshi da sauƙi, duk farar hular da ya gani da ita ya san ko wane ne. Ranar da ƙauyuka sunka cika da ita wannan alamar ta ɓace, kuma ɓarawon ne zai fi kowa cin riba don sai ya ce shi ma ɗan sintiri ne.

Ardo yana zaune gefe bai ce komai ba tun da anka fara. Mai gari ne ya matsa mishi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shanuna ma an kora daren nan, ɗan ƙanena ma an taɓa ɗauka mun biya. Amma tun da munka zauna nan yara ke kallona. In an sayo ta, su na daji sun zo sun tafi cikin dare ba ku gansu ba, da safe wa za ku gani? Mu za ku gani." Sai ya ambaci Toda.

A nan nake so in tsaya, don ni a wurina nan maganar take. Matasa da yawa yanzu ba su san Toda ba, ko sun ji sunan ba su san a jiharmu take ba. Watan Oktoba 1991, ana cikin taron ƙasa a Yamai, rikicin ɓarnar gona tsakanin manoma da makiyaya a yankin Gidan Rumji ya rikiɗe, anka far ma Fulani anka kashe sama da mutum 100, mafi yawansu mata da yara. Ba 'yan ta'adda sunka yi ba, ba baƙi daga wata ƙasa ba, maƙwabta ne masu cin kasuwa guda, kuma a lokacin ba kalash a hannun manoma. Fushin kwana guda ne ya yi wannan. To a ɗora fushin ga a kan bindiga mai harsashi 30, a garin da kowa ya riga ya yanke a zuciyarshi cewa ɓarayi Fulani ne. Mun ga yadda ta ƙare a Mali, Ogosagu, watan Maris 2019, sama da mutum 150 a rana guda, kuma ƙungiyar maharba masu cewa kare kai suke anka zarga. Mun ga Zamfara, inda kowane ɓarawon daji in an yi hira da shi sai ya fara da cewa 'yan sa kai sun kashe mishi uba ko sun ƙone musu rugga, ko gaskiya ya faɗi ko ƙarya wannan ita ce ƙofar da suke jawo yara da ita. Eh akwai Fulani da yawa cikin 'yan bindigar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma akwai Hausawa cikinsu, kuma mai saida musu mai da burodi da ƙwaya, da mai karɓar shanun sata ya kai kasuwa, galibi a cikin gari suke da babbar riga. Bindiga ba garma ba ce da za ka jingine a zaure in damina ta wuce. In ta shigo gari tana nan ranar rikicin gona, tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar da saurayi ya sha ƙwaya ya tuna wanda ya aure mishi budurwa.

Mata ba su zauna taron ba amma sun aiko wata tsohuwa, inna ce ga kusan rabin garin, ta tsaya daga bakin zaure ta ce a tambayi maza abu guda: wa ya gaya musu an saida aya, wa ya nuna musu ɗakin? Wurin ya yi tsit, don kowa ya san amsar tana cikin gari ko cikin kasuwa, infoma ne, wataƙila ma yana zaune a wurin. Ta ce in an sayo bindigar shi ne zai fara sanin gidan da anka ɓoye ta. Liman ya rufe da cewa addini bai hana kare kai ba, hadisi ne ingantacce cewa wanda anka kashe yana kare dukiyarshi ya yi shahada, amma jinin wanda bai ji ba bai gani ba ba a wanke shi da cewa an yi zato ne, kuma wanda ya ba da damin gero anka sayi abin da anka kashe shi da shi ya shirya amsa.

To mi doka ta ce? A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma izinin daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, bindigar yaƙi irin kalash kuwa ba ta farar hula ba ce sam, wanda anka kama da ita kaso zai tafi. Muna da hukumar tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba, CNCCAI, tun 1994, kuma mu ne munka ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 bayan sulhun tawayen arewa. Akwai kuma yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta tanadi a yi ma bindigogi lamba da rajista a kuma riƙa musayar labari tsakanin ƙasashe, sai dai tun watan Janairu 2025 mun fita daga ƙungiyar, ita kuwa iyakar tana nan inda take, dole a samu wata hanyar da sojanmu da na Najeriya za su riƙa jin juna ko da 'yan siyasa ba su shiri. A takarda dokar ba ta da laifi. Damuwar ita ce ba ta san ƙauye ba. Tsohon maharbin nan da ya gaji bindigarshi daga kakanshi bai taɓa ganin takardar izini ba, bai san ƙofar da ake nema ba, ba shi da kuɗin motar zuwa Yamai, don haka a idon doka shi da ɓarawon daji duka masu laifi ne, kuma shi ne mai sauƙin kamawa don shi ke da gida da adireshi. Wannan shi ke sa mutane su ce doka ta ɗaure hannun mai gaskiya ta saki na ɓarawo, kuma in ba a gyara nan ba duk wa'azin da za a yi musu iska ne.

Akwai masu cewa a sayi bindigogin daga hannun mutane kamar yadda Ostireliya ta yi bayan kisan Port Arthur a 1996, inda mutum guda ya kashe 35, gwamnati ta tsaurara doka ta saye bindigogi wajen 650,000 ta lalata. Can ya yi aiki don wanda ya miƙa tashi ya san ba wanda zai zo mishi cikin dare. Zamfara ta gwada irin nata a 2020, saniya biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47, amma wanda bindiga ke kawo ma garke guda a dare guda saniya biyu ba za ta sa ya aje ba. Na Agadas ma ya yiwu ne don 'yan tawaye suna da shugabanni da anka zauna da su anka sa hannu, su kuwa na daji kowane da dabarshi, ka yi sulhu da wannan gobe wancan ya zo.

Abin da taron ya yanke a ƙarshe, ba a haɗa kuɗin ba. An kafa 'yan sintiri, kuma mai gari ya dage sai an sa samarin rugga a ciki, kowane dare a haɗa su da na gari, wannan kam sai da anka kai ruwa rana kafin samari su yarda. An rubuta sunan duk mai bindigar toka a littafi, da irin bindigar, mai gari da Ardo sunka kai ma hukuma tare don in soja sun shigo su san su. An sayi fitilu da usur da waya guda da ke zama wurin mai gadin tudun da ake samun rezo, da lambar sojan da ke kusa. An hana saida mai a jarka ga wanda ba a sani ba, an ce duk baƙon da ya kwana a gari a kai sunanshi wurin mai gari, kuma masu saida amfanin gona sun koma barin kuɗinsu a Maradi wurin amintattu ko a tura ta waya maimakon a shigo da su gari cikin aljihu. Dokar sintirin ita ce ba bin sawu cikin daji, ba kama mutum a doke shi, aikinsu su gani su busa su kira.

Ya yi amfani? Wani ɓangare ya yi. An sake zuwa sau ɗaya cikin bazara, 'yan sintiri sunka hango fitilar waya a bakin fadama, anka busa usur gari ya tashi, maharba sunka saki toka sama, anka kira soja, mutanen sunka juya ba su shigo ba. Amma ƙauyen da ke gaba sunka faɗa ma daren nan, don haka ba za a ce an magance ba, an dai ture ne zuwa ga maƙwabci.

Kuma maganar bindigar ba ta mutu a taron ba. Yayan mamacin da wasu abokanshi sun haɗa nasu kuɗin a ɓoye sun sayo. Kowa ya sani, ba mai faɗi. Farkon damina wani yaron rugga ya fita cikin dare neman maraƙin da ya ɓace, ya biyo ta bayan gari, wani daga cikinsu ya ga motsi ya buɗe wuta. Harsashin ya farfasa mishi ƙashin cinya, a amalanke anka fito da shi zuwa bakin titi kafin a samu mota zuwa Maradi, ya rayu amma da sanda yake tafiya yanzu, yaron da bai kai shekara ashirin ba. Abin da ya hana garin kamawa da wuta daren nan shi ne samarin rugga biyu suna cikin sintiri a lokacin, su sunka ɗauke shi tare da na gari, su sunka je sunka gaya ma iyayenshi yadda anka yi kafin jita-jita ta riga su. Mai gari da Ardo da liman sunka zauna, gari ya ɗauki kuɗin magani, anka ba da haƙuri. Duk da haka gida ukku na ruggar sun kwashe sun yi arewa wajen Dakwaro, kuma ƙanen yaron, wanda da shi ake sintiri, ya daina zuwa.

Ni ra'ayina bai ɓoyu ba, ban goyon bayan kowa ya sayi tashi. Amma ba na kuma goyon bayan a ce ma mutumin da ya binne ƙanenshi ya yi haƙuri kawai a tashi taro. Ko Katsina da Zamfara da sunka fara cewa kowa ya nemi tashi, daga baya rundunar sa kai mai rajista da kaki da albashi sunka kafa, Katsina a watan Oktoba 2023, Zamfara a watan Janairu 2024, kuma ko su ana kuka da wasunsu, kamar yadda ake kuka da 'yan sa kan Burkina da anka kafa da doka tun 2020 kan abin da ake zargin suna ma Fulani. Wato rajista kaɗai ba ta isa in ƙabila guda ce a ciki kuma ba mai hukunta wanda ya yi ɓarna. Abin da nake so in gani a dokarmu, a sauko da rajistar bindigar maharba zuwa matakin komin, mai gari da Ardo su sa hannu tare, kyauta ko da kuɗi kaɗan, don a raba mai gaskiya da ɓarawo. A sa ido kan harsashi fiye da yadda ake yi yanzu, don kalash tana shekara talatin tana aiki amma harsashi kullum sai an sayo sabo, kuma ta hanya yake biyowa, cikin buhu, cikin taya, cikin kayan mata, ta tashoshin da munka sani, wanda anka kama da shi ko da kaki a jikinshi a yi mishi shari'a a fili mutane su gani. A kafa eriya a ƙauyukan iyaka, don kiran da ke isa cikin minti biyar ya fi bindiga ukku a ƙarƙashin gado. A tashi kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada su buɗe burtalin da anka nome, don yaron da ba shi da inda zai bi da shanu shi ne na daji ke fara ja.

Sannan a buɗe ƙofar da wanda ya riga ya saya zai iya miƙawa ba tare da ya kwana a kaso ba, ta ɗan lokaci, ta hannun sarakuna. Don halin da garin ke ciki yanzu kenan: bindigogin suna nan a binne, wanda ya yi harbin tun ranar bai sake taɓa ta ba kuma an ce yana so ya rabu da ita, amma in ya kai ma jandarma kama shi za a yi, in ya saida kuma ya san hannun da za ta faɗa. Mai gari ya ce bayan girbi zai koma wurin prefe da maganar, shi da Ardo, da yayan mamacin in ya yarda ya bi su.